Daga Zuciya Zuwa Dangwale: Tarihin Kalmomin "Agree" da "Yarda"

 

A wannan makon sawun kalma biyu za mu bi: ta Turanci "agree", wadda ko ɗan firamare ya san ta, da tamu ta Hausa "yarda", wadda da ita muke fassara waccan. Ba su haɗa kaka ba. Ɗaya daga Latin ta fito ta bi ta Faransa, ɗaya kuwa daga Larabci ta ƙetaro Sahara. Amma idan aka tono tushensu sai a tarar abu ɗaya suke nufi tun farko, wato daɗin zuciya. Daga baya ne tarihi ya riƙa jan su daga zuciya zuwa baki, daga baki zuwa takarda. Duk mai son rubuta labarin aure ko na gona ko na shari'a yana bukatar sanin wannan tafiya.

ASALIN "AGREE"

A harshen Latin akwai kalmar "gratus", ma'anarta abin da ya yi daɗi, abin so, abin godiya. Daga gare ta tsohon Faransanci ya sami "gré", wato son rai. In an ce an yi abu "a gré" ana nufin an yi shi yadda rai yake so. Daga nan aka ƙera aikatau "agreer": abu ya yi wa mutum daɗi, ko mutum ya karɓi abu da daɗin rai.

Yaƙi ne ya kai kalmar Ingila. A 1066 William na Normandi ya ƙetara daga Faransa ya ci Ingila, kuma kusan shekara 300 bayan haka Faransanci ne harshen fada da na kotu. Dubban kalmomi suka malala cikin Turanci. "Agree" ta bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 14, zamanin marubuci Geoffrey Chaucer wanda ya rasu a 1400. Da ma'anar faranta rai ta shigo. Sannu a hankali ta ɗauki ma'anar ba da izini, da zama bisa ra'ayi ɗaya, da ƙulla sharaɗi tsakanin mutum biyu, da dacewar abu da abu, kamar yadda malaman nahawu ke cewa aikatau ya dace da suna. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Tana nan a "agreeable", wato mai daɗin sha'ani, da kuma a bakin Bature idan ya ce wani abinci bai yi "agree" da shi ba, ma'ana bai karɓe shi ba. Danginta ta wajen "gratus" su ne "grace" da "grateful", da kuma "gracias" da mutanen Sifaniya ke godiya da ita.

Da ta iso Najeriya, Burokan ya gutsure mata kai ta koma "gree", ta kuma ƙaru da ma'anar saki ko ba da kai. Shi ya sa a farkon 2024 da matasa suka ɗauki taken "no gree for anybody", abin da suke nufi shi ne kada ka bari kowa ya taka ka.

Lauyoyi kuwa sun fi son wata kalmar, "consent". Ita ma Latin ce: "con" tare, "sentire" ji a rai. Wato ko kalmar da take cike takardun kotu a yau, asalinta zukata biyu ne su ji abu ɗaya.

ASALIN "YARDA"

Mai saurin yanke hukunci zai iya cewa "yarda" daga "yar da" ta fito, wai mutum ya yar da ra'ayinsa ya ɗauki na wani. Tunanin yana da daɗin ji, amma karin sauti ya raba su: "yarda" da ƙasa take farawa ta hau, "yar da" kuwa da sama take farawa ta sauka. Masana asalin kalmomi suna mayar da "yarda" ga aikatau na Larabci "radiya", wanda ke nufin ya gamsu, ya ji daɗin abu. Siffarsa ta aiki mai ci ita ce "yarda", kuma ita Bahaushe ya ɗauka ɗungurungum, har da "ya" ɗin farko da a Larabci take nuna mai aikin.

Kowane ɗayanmu yana da hujjar wannan a bakinsa. Idan aka ambaci sahabi aka yi masa addu'ar "radiyallahu anhu", da me malam yake fassarawa? "Allah Ya yarda da shi." Kalma ɗaya ce ta fassara kanta. Kuma a nan ba izini ake nufi ba, ana nufin Allah Ya gamsu da bawansa.

Akwai wani abin lura. Harafin tsakiya na wannan tushe shi ne wanda ake kira "lodi" a makarantar allo, domin malamanmu da "l" suke furta shi. Shi ya ba mu alƙali, alwala, farilla, lalura, layya da lamuni. Sunayen da suka fito daga tushen "radiya" ma haka suka bi: Rilwanu, Raliya, Marliyya, da Murtala, wanda ma'anarsa yardajje. Amma "yarda" ita da "d" ta tsaya. Joseph Greenberg, a nazarin da ya buga a 1947, ya nuna cewa kalmomin Larabci kashi biyu suka shigo Hausa: akwai na farko da suka zo ta bakin masu magana, akwai na baya da suka zo ta littattafan malamai. Wannan "d" ɗin ana iya ɗaukarta alama ce cewa "yarda" ba ta zauren karatu ta shigo ba, ta bakin mutane ta biyo, ta daɗe har ta zama 'yar gida. Ga shi ta haifi 'ya'ya da sigar Hausa tsantsa: yarje, yardajje, yarjejeniya.

Abokiyar tafiyarta "amince" ita ma Balarabiya ce, daga tushen da ya ba mu amana, aminci, imani, Aminu da Amina. Tushen "yarda" daɗin rai ne, tushen "amince" kwanciyar hankali. Gidajen rediyo sun mayar da "amince" kalmar hukuma: majalisa ta amince da kasafin kuɗi, gwamna ya amince da naɗi. A gida kuwa da gona, "yarda" ce ke aiki.

KAYAN DA KALMA ƊAYA TA ƊAUKA

Inda Turanci ya raba aiki tsakanin kalmomi biyar ko shida, Hausa "yarda" kaɗai ta ɗora wa. Ku duba:

1. Izini: Baba ya yarda in tafi.
2. Haɗuwar ra'ayi: na yarda da maganarka.
3. Amana: na yarda da shi, ko kuɗina zan ba shi ajiya.
4. Gaskatawa: ban yarda an yi haka ba.
5. Amsa laifi: ya yarda shi ya ɗauka.
6. Miƙa wuya: na yarda, ka fi ni.
7. Gargaɗi: kada ka yarda dare ya yi maka a hanya.
8. Gamsuwa: neman yardar Allah da yardar iyaye.

Ta takwas ita ce uwa. Ta shida kuwa ta yi nisa da gida har ta zama kishiyarta, domin wanda aka fi ƙarfi ya ce "na yarda" babu wani daɗi a ransa. Yawancin rigingimun da za mu gani a ƙasa daga nan suke tasowa: wani ya faɗi ta shida, aka rubuta masa ta farko.

YARDA A KASUWA, A GONA, A ƊAURIN AURE

A Suratun Nisa'i, aya ta 29, an hana cin dukiyar juna da ɓarna, an halatta cinikin da aka yi bisa yardar juna, kuma kalmar da ta zo a wurin daga wannan tushe na "radiya" take. To amma yarda a zuciya take, ido ba ya ganinta. Saboda haka malaman fiƙihu suka nemi alamar da za ta tsaya a madadinta: furucin bayarwa da na karɓa. Wannan shi ne matakin farko na fitowarta daga zuciya zuwa baki.

Je ka kasuwar Dambatta ko ta Bichi ka saurara. Mai akuya ba ya cewa "ban yarda ba", sai ya ce "albarka". Idan tayi ya kai, ba ya cewa "na yarda", sai ya ce "na sallama", dillali ya ce ciniki ya faɗa. Ƙin yarda da addu'a ake faɗarsa, don kada a ɓata wa mai taya rai.

A gona lamarin ya fi nauyi. Karkarar da ta kewaye birnin Kano, daga Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir har zuwa Dambatta, tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a karkarar Afirka ta Yamma. Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazarinta a 1965. Babu dajin da za a sara, ba a barin gona ta huta, taki ne ke riƙe da ita shekara da shekaru. Inda ƙasa ta yi tsada haka, kowace gona tana da labarin yadda ta shigo hannun mai ita: gado, saye, kyauta, aro, haya ko jingina. Duk waɗannan da baki ake ƙulla su a da, gaban shaidu da mai unguwa, a nuna iyaka da jerin gamba ko lalle ko wata bishiya. Alkawari kaya ne, kuma shaidu suna raye.

Matsalar tana zuwa ne idan shaidu suka kwanta dama. Mutum ya jinginar da gonarsa a shekarar yunwa ko don hidimar aurar da 'ya. Bayan shekara 30 jikokinsa su zo fansa, 'ya'yan mai kuɗi su ce ai sayarwa aka yi. Kowa ya san kakan ya ce "na yarda". Abin da alƙali zai nema shi ne: da me ya yarda? Kuma da ransa ya yarda, ko babu ce ta matse shi?

Haka a ɗaurin aure. Waliyyi ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, amarya tana cikin gida. Hadisi ya zo da cewa ana neman izinin budurwa, kuma shirunta shi ne izininta, saboda kunya. Malaman Malikiyya sun so a sanar da ita tukuna cewa shirun nata yarda za a ɗauke shi. Mazhabar ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani. Amma a Sahihul Buhari an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u bint Khidam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba. Shiru ma magana ce, in ji Hausawa, sai dai ba kullum abu ɗaya yake faɗa ba. A kan wannan gaɓa littattafan Kano da dama suka ginu, ciki har da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu.

1903: YARDAR HARSHE

Babu lokacin da aka auna wannan kalma a ƙasar Hausa kamar 1903. Ranar 3 ga Fabrairu sojojin Ingila suka shiga Kano. Ranar 15 ga Maris suka ci Sakkwato. Shugabanni suka rabu biyu. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi yarda, ya yi hijira gabas da jama'a masu yawa, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Waziri Buhari kuwa ya komo Sakkwato ya zauna da Turawa. Abin ya dame shi har ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa. Hujjar da ya dogara da ita, bayan shawara da malamai, ita ce idan an fi Musulmi ƙarfi ya halatta su yi mu'amala da wanda ya rinjaye su da harshe a kan al'amuran duniya, matuƙar zuciya ba ta bi ba. Wato Waziri ya tsaga kalmar gida biyu: ya ba da ta shida, ya riƙe ta takwas.

Lugard bai nemi fiye da haka ba. A jawabinsa na Sakkwato ya ce ikon ƙasa da na haraji sun koma hannun Ingila saboda ta ci yaƙi.

YARDA TA KOMA OFIS

Abin da ya biyo baya ya shafi kowace gona a Kano. A 1908, zamanin Gwamna Percy Girouard, wani kwamiti ya zauna a Landan kan ƙasar Arewacin Najeriya. Daga rahotonsa aka yi dokar 1910 wadda ta sa dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, ta ce babu haƙƙin zama ko amfani da ƙasa da zai inganta sai da yardarsa. Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da wannan tsari a dokarta ta 1962. Sai ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa, ta shimfiɗa shi a Najeriya baki ɗaya. Sashe na 22 ya ce mai haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamna. Sashe na 21 ya ce mai haƙƙin gargajiya, irin na yawancin manoman karkara, sai da amincewar ƙaramar hukuma. A 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta yanke cewa jinginar da aka yi ba da yardar gwamna ba, ba ta inganta ba.

Ku lura da abin da ya faru da kalmar. A da yardar mutum biyu ce ke ƙulla ciniki. Yanzu akwai na uku da bai taɓa ganin gonar ba, kuma yardarsa tambari ce da sa hannu. A ɗaya ɓangaren, doka ta ba gwamna ikon karɓe ƙasa don amfanin jama'a ba tare da mai gona ya yarda ba, a biya shi diyyar abin da ya shuka ko ya gina. Manomin da bai iya boko ba, yardarsa ta koma dangwala babban yatsa a ƙasan takardar Turanci da wani ya fassara masa a gurguje, in ma an fassara.

IDAN TA FARKO TA ƁACE, TA UKU TAKAN BI TA

A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa. Kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da Hausa sun yarda da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A tsakanin nan, a 2003, Kano ta dakatar da rigakafin shan inna har zuwa tsakiyar 2004, kuma abin da ya faru a 1996 yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Mai rubutu da Turanci zai ce matsala biyu ce, ta izini da ta amana. Bahaushe da kalma ɗaya zai faɗe su: rashin yarda. Kuma ya fi kusa da gaskiya, domin wanda yake ganin ba a nemi yardarsa ba jiya, da wuya ya yarda da kai gobe.

ABIN DA MARUBUCI ZAI ƊAUKA

Na farko, ƙa'idar rubutu. Abu uku ne daban: yarda, yar da, 'yar da. "Ya yarda da ita" so ne da amana. "Ya yar da ita" wulaƙanci ne. "'Yar da ya haifa" kuwa maganar ɗiya ce. Tazara ɗaya da ɗan waƙafin sama suna iya juya labari gaba ɗaya.

Na biyu, fassara. Kada duk inda ka ga "agree" ka dasa "yarda", ko ka cika labarin ƙauye da "amince" irin ta labaran rediyo. Mai sayar da saniya sallamawa yake yi. Waliyyi bayarwa yake yi. Dattawan da suka sasanta rigima, bakinsu ne ya zo ɗaya. Uwa takan ce "na lamunce maka" ko "je ka, Allah Ya yi albarka".

Na uku, zance tsakanin taurari. Bahaushe ba ya yawan furta "na yarda" ko "ban yarda ba" ga wanda ya girme shi. Yarinyar da ta ce wa mahaifinta "to, Baba" tana kallon ƙasa, da wadda ta ce "to" tana rufe fuska da mayafi tana murmushi, harafi biyu suka furta iri ɗaya. "Na ji" ba "na yarda" ba ce. "Sai na yi shawara" da "Allah Ya kai mu" sau da yawa a'a ce ta sa riga. Aikinka shi ne ka nuna wa mai karatu wace ce daga cikin takwas ɗin nan, ba tare da ka tsaya yi masa lacca ba.

Ga aikin gida ga mai sha'awa: rubuta fitowa ɗaya, kada ta wuce kalma 300, inda wani dattijo zai jinginar da gonar gadonsa ga maƙwabcinsa a gaban mai unguwa. Sharaɗi shi ne kada kalmar "yarda" ta fito ko sau ɗaya, amma mai karatu ya gane ko zuciyar dattijon ta bi bakinsa. A ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu, mu duba tare.

Allah Ya yarda da mu, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya yarda.